A Bar 'Yan Mata Su Koyi Faransanci, Harshen Takardun 'Yan'uwanmu Ne

Yau maganata a kan wata tambaya ce da iyaye mata su kan yi a nan Sakkwato duk sa'ad da yarinya ta komo gida ta ce an soma koya musu Faransanci a makaranta. Sai ki ji uwa ta ce, "To, me za ki yi da shi? Faransa za a kai ki aure? Turancin ma da a ke fama da shi kin gama iyawa?" Wadansu kuma tsoronsu dabam ne. Su a ganinsu harshe ba ya tafiya shi kaɗai, duk inda ya shiga da al'adar masu shi ya ke shiga, yau yarinya ta koyi gaisuwar Faransawa, gobe ta koyi rashin kunyarsu.

Ba na raina wannan tsoro, domin uwa ce kaɗai ta san wahalar tarbiyya. Amma ra'ayina shi ne, a garin nan namu Faransanci ba harshen nesa ba ne. Harshe ne da a ke rubuta takardun danginmu da shi, kuma bambancin al'ada da yarinya za ta gani a cikinsa ba abin gudu ba ne, abin da za a zauna da ita a auna ne. Bari in kawo muku dalilaina.

Iyakar da ta raba ɗaki ɗaya

Daga Sakkwato zuwa Illela ko kilomita 100 ba a yi ba. Kina wuce Illela kaɗan kin shiga Birnin Ƙwanni, watau kin bar Nijeriya kin shiga Jamhuriyar Nijar. Mutanen da za ki tarar Hausa su ke yi, har ma irin Hausarmu ta Sakkwato, mai "lahiya lau" da "hwari". Tuwonsu tuwonmu, furarsu furarmu. Da wuya ki sami unguwa a garin nan wadda ba ta da surukai ko kakanni a Ƙwanni, ko Tawa, ko Madawa, ko Maraɗi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa a Maratta aka haife shi a shekarar 1754, garin kuwa yau yana cikin Nijar, kuma har Agadas ya tafi neman karatu wurin Malam Jibrilu.

To, ina iyakar ta fito? Turawa ne su ka zauna a ƙasarsu su ka shata ta. A yarjejeniyar 1898 tsakanin Ingila da Faransa, sai aka ɗora tsinke a kan birnin Sakkwato aka zana rabin da'ira mai nisan mil 100, aka ce na ciki na Ingilishi ne, na waje na Faransa. Aka sake gyara ta a 1904 da 1906, sa'an nan aka bi ƙasa ana kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Tun daga ran nan ɗan wa ya shiga makarantar Turanci, ɗan ƙane ya shiga ta Faransanci. Baki ɗaya su ke magana da shi a zaure, amma in aka miƙa wa ɗaya takardar ɗaya sai ya yi zuru.

Mun san Faransanci bai shigo ƙasar Hausa da sallama ba. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙwanni ta hallaka jama'a masu yawa, a shekarar nan ce kuma Sarauniya Mangu ta tare su da yaƙi a Lugu. Amma Turancin Ingilishi ma ai da bindiga ya iso Sakkwato a watan Maris na 1903, ba mu kuwa hana 'ya'yanmu koyonsa ba, domin mun ga da shi a ke rubuta takardar asibiti da ta kotu. Hujjar da ta sa mu ka karɓi wancan ita ce ta ke kiran mu ga wannan.

Abin da jahiltar takarda ke jawowa

Ke uwargida, ɗauki misalin 'yarki da aka kai aure Ƙwanni ko Maraɗi. A gida da kasuwa ba ta da matsala, Hausa ta ishe ta. Amma ran da yaronta ya kawo takardar sakamakon jarrabawa, ta ga an rubuta 14, me za ta ce? Ita ta saba da maki bisa 100, sai ta ɗauka yaro ya faɗi warwas, har ta kai masa hannu. Alhali kuwa can bisa 20 a ke ba da maki, 10 ita ce tsira, mai 14 kuwa yaro ne na a yaba. Haka kuma azuzuwan sakandare a can da baya-baya a ke ƙirga su. Yaro ya kan soma daga aji shida, ya wuce zuwa aji biyar, da huɗu, da uku, inda zai yi jarrabawar da su ke kira BEPC. Uwar da ba ta sani ba, in ta ji an ce ɗanta ya bar aji shida ya shiga aji biyar, sai ta zaci mai da shi baya aka yi.

Wannan abin dariya ne, amma akwai wanda ba na dariya ba. Masu rubutu da Faransanci waƙafi su ke sawa inda mu mu ke sa ɗigo a lissafi. In likita ya rubuta 2,5 to biyu da rabi ya ke nufi. Idon da bai saba ba yana iya tsallake ɗan waƙafin nan ya karanta 25. Ku duba fa, maganin jariri ne a ke aunawa. Ga kuma ƙa'idar shan magani, ko kafin abinci ne ko bayansa, sau nawa a yini, duk a rubuce cikin harshen da uwa ba ta ji. Lokaci ma ba kamar namu su ke rubuta shi ba. In takarda ta ce a zo da 16h, ƙarfe huɗu na yamma ke nan.

Sai kuma takardun hukuma. Akwai gurbin da a ke kira "nom", akwai "prénom". Na farko sunan gida ne, watau na uba, na biyu shi ne sunan yanka. Mutum nawa ne aka juya wa suna a takardar haihuwa ko ta shaidar ɗan ƙasa, su ka yi shekaru suna safa da marwa wajen gyara? Mace kuma a kan tambaye ta sunanta na kafin aure dabam. Wadda ba ta iya karantawa ba dole ta miƙa takardarta ga wani, ta biya shi, ta kuma buɗe masa sirrinta. Ciwon da mace ba ta iya faɗa wa ƙanenta, yaya za ta faɗa wa tafinta namiji a gaban layi? Nan ne a ke bukatar ungozoma da malamar asibiti mace wadda ta ji harsunan nan duka.

Inda Bahaushiya ta fi Baturiya sa'a

Ke kuma 'yar makaranta, kada a tsorata ki da cewa Faransanci wuya gare shi. Akwai wuraren da kin riga 'yar Ingila nisa tun ba ki buɗe littafi ba. A Faransanci kowane suna ko dai namiji ne ko tamata, abin da ke ɗaure wa masu Turancin Ingilishi kai ƙwarai. Ke kuwa da shi kika tashi. Kin san mota "ta" zo, jirgi "ya" tashi. Abin da za ki lura da shi kawai shi ne, ba kullum rabon ya ke daidai da namu ba. Mu muna cewa rana ta fito, wata ya tsaya. Su kuwa a wurinsu rana namiji ce, wata tamata. Gida a wurinmu namiji ne, a wurinsu tamata. Mota dai mun yi daidai da su.

Ƙidayarsu ma za ta ba ki dariya da farko. Saba'in a bakinsu "sittin da goma" ce, tamanin kuwa "ashirin huɗu", casa'in da bakwai "ashirin huɗu da goma sha bakwai". Amma kafin ki yi musu dariya, tuna kakarki ta kan ce "ashirin biyu babu" tana nufin 18. Ki kuma tuna da 'yan'uwanmu na Nijar, waɗanda ke lissafin kuɗi da dala, kowace dala ɗaya sefa 5, dala ashirin sefa 100, jika kuwa sefa 1,000. Mai sayar da albasa a kasuwar Illela tana juya naira zuwa dala, dala zuwa sefa, a ka, ba alƙalami. Wadda ta fito daga irin wannan gida ba "ashirin huɗu" ce za ta gagare ta ba.

Ladabinsu da namu

Yanzu bari mu zo kan al'ada, wadda ita ce abin tsoron iyaye. Da farko dai ku sani Faransawa ba mutanen da ba su san girma ba ne. Suna da kalma biyu ta kiran wanda a ke magana da shi. Akwai "tu" ta tsara da yaro da na jiki, akwai "vous" ta babba da baƙo, wadda asalinta jam'i ce. Ashe ba haka mu ke yi ba a gidaje da yawa, inda a kan ce wa suruka ko dattijo "kun tashi lafiya?" alhali shi kaɗai ne? Turancin Ingilishi ba shi da wannan, kalma ɗaya ce ga sarki da yaron sarki. Har wa yau, a Faransa wanda ya shiga kanti bai ce "bonjour" ba kafin ya tambayi kaya, kallon marar tarbiyya a ke yi masa, kamar dai wanda ya faɗo gida ba sallama.

Amma akwai inda hanya ta rabu. Gaisuwarsu gajera ce. Mu sai mun tambayi kwana, da gajiya, da gida, da yara, da sanyi ko zafi. Su kalma biyu ta wadatar, wanda kuwa ya shiga tambayar baƙo iyalinsa ɗaya bayan ɗaya sai a ga kamar yana bin diddigi. Yaro a wurinsu in babba na yi masa magana, so a ke ya dube shi cikin ido, in ya sunkuyar da kai a ce yana ɓoye wani abu. Mu kuwa yarinyar da ta tsura wa babba ido cewa mu ke yi idonta ya buɗe. Matar aure a can ta kan kira mijinta da sunansa a gaban kowa, a kan kuma kira ta "Madam" a haɗa da sunan gidan mijin, ko da ya ke wannan al'ada ce kawai, a shari'arsu sunanta na haihuwa bai canja ba. Mu kuwa alkunya ta hana mace ambaton sunan maigida da na ɗan fari. Sai babbar cikinsu, gaisuwar haɗa kumatu tsakanin maza da mata 'yan'uwa da abokai, wadda ba ta da wurin zama a gidajenmu.

To, shin wanda ya koyi harshen dole ya ɗauki waɗannan? Amsar tana nan kusa, ba sai mun je nesa ba. Ku dubi matan Ƙwanni da Tawa da Damagaram da su ka yi karatun lakwal, wadansu malamai, wadansu likitoci. Sun fi shekara ɗari suna zaune da Faransanci a ƙasarsu. Sun karɓi dogon burodin nan nasu, sun karɓi kalmomi, amma har yau suna durƙusa wa surukai, suna sakaya sunan ɗan fari, suna doguwar gaisuwa. Harshe riga ce ta fita unguwa. Tarbiyya kuwa a ɗaki a ke yin ta, uwa ke yin ta.

Ni a ganina ma yarinyar da ta ga al'adar wani ta fi sanin darajar tata. Wadda ba ta taɓa jin ana gaisuwa da kalma biyu ba, ba ta san doguwar gaisuwarmu wata dukiya ce ba. Akwai kuma abin da za ta ɗauko mai amfani, kamar tsare lokaci, da tambayar likita ba tare da jin nauyi ba in ba ta gane bayani ba. Kunyar da ke hana mace tambayar yadda za ta sha magani ba kunya ba ce, cuta ce.

Darasi daga Beljiyam

Akwai wata ƙasa a Turai da ya kamata mu yi wa kallon madubi, ita ce Beljiyam. Mutanen arewacinta, waɗanda su ne kimanin kashi 60 cikin 100, harshen Holan su ke yi, na kudu kuwa Faransanci. Da ƙasar ta kafu a 1830, sai Faransanci ya zama harshen hukuma da kotu da jami'a, harshen mafi yawan jama'a kuwa aka mai da shi na ƙauye da kicin. Ɗan arewa in yana son ci gaba dole ya koyi Faransanci, ya koyi lanƙwasa magana irin tasu, alhali ɗan kudu bai ga dalilin koyon harshen maƙwabcinsa ba. Sai a 1898 aka daidaita harsunan biyu a dokokin ƙasa, sai a 1930 jami'ar Ghent ta koma koyarwa da harshen Holan.

Raini ya taru ya yi yawa har ya fashe. A farkon shekarun 1960 aka shata iyakar harshe a tsakiyar ƙasa. A 1968 rikici ya tashi a tsohuwar jami'ar Leuven, wadda aka kafa tun 1425, har aka raba ta biyu, masu Faransanci su ka tashi su ka gina sabon gari. Littattafan laburare ma raba su aka yi, da yawansu bisa lambar kanta, masu mara nan, masu cika can. Duk da haka har yau yaran arewa suna soma Faransanci tun aji biyar na firamare, da yawansu kuwa su kan tashi da harshe uku, abin da ke buɗe musu ƙofofin aiki.

Darasi biyu na gani a nan. Na farko, wanda ya koyi harshen maƙwabci shi ke da riba. Na biyu, ran da harshe ya zama abin taƙama, zumunci ya mutu. Saboda haka ke da kika soma jin Faransanci, kada ki komo gida kina yi wa uwarki yanga da shi. Mu kuma mu bar yi wa baƙinmu na Nijar dariya in sun ce lakwal maimakon makarantar boko, ko mushe maimakon malamin makaranta, ko duwan maimakon kwastan, ko kado maimakon kyauta, ko su kira asibiti likita. Mu da ke cewa tebur da fensir da direba, a ina mu ka samo su? Kowa da inda ya yi aro.

Masu cewa lokacinsa ya wuce

Wata za ta ce, ai Nijar ɗin ma ta juya wa Faransanci baya. Gaskiya ne a watan Maris na 2025 hukumomin Nijar sun fitar da ƙasar daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, sabon kundin mulkinsu kuma ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Wannan abin farin ciki ne ga duk mai jin Hausa. Amma kundin nan bai kori Faransanci ba, ya bar shi tare da Turanci a matsayin harsunan aiki. Takardun da aka tara shekara da shekaru, da littattafan koyon likitanci, da rubutun jikin kwalin magani, ba za su juye dare ɗaya ba. Ban da haka, duk ƙasashe huɗu da mu ke iyaka da su ta tudu, watau Binin, da Nijar, da Cadi, da Kamaru, suna aiki da shi. Ƙididdigar 2022 ta nuna masu jin Faransanci a duniya sun kai miliyan 321, kuma mafi yawan masu yin sa kullum a Afirka su ke. Ya daɗe da tashi daga zama kayan Faransa ita kaɗai.

Mun kuma ga yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Gwamnatoci su kan ɓata su shirya. Amma aure da haihuwa da ta'aziyya tsakanin Sakkwato da Ƙwanni ba su san wannan ba.

Laifin da ke wuyan hukuma shi ne faɗa ba cikawa. A ƙarshen 1996 Janar Sani Abacha ya ba da sanarwar Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Nijeriya, tsarin ilmi na ƙasa na 1998 kuma ya ce a wajabta shi a makarantu. Tun 1991 aka kafa Ƙauyen Faransanci a Badagiri, can jihar Ikko, inda ɗaliban jami'a ke zuwa su goge bakinsu. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta nan garin tana koyar da shi. Amma makarantun 'yan mata nawa ne su ke da malamar Faransanci tsayayya? Abin mamaki, ɗalibinmu sai ya keta ƙasa tun daga nan har bakin teku neman wanda zai yi hira da shi, ga masu harshen nan a bayan ɗakinmu. Me zai hana a yi musayar malamai mata tsakanin Sakkwato da Tawa, su koya wa namu Faransanci, namu su koya wa nasu Turanci?

Shawarata

Ke uwargida, in 'yarki ta zo da littafin Faransanci, kada ki kore ta. Zaunar da ita ki ce ta faɗa miki abin da ta koya yau. In ta kawo wata al'ada da ta ba ta mamaki, ku tattauna, ki nuna mata tamu da dalilinta. In kuna da baƙuwa daga Nijar wadda ta yi lakwal, ki haɗa su, ga makaranta har gida ba ko kwabo. Ke ma kanki ba ki tsufa da koyon ƙidaya da kalmomin asibiti ba.

Ke 'yar makaranta, riƙe Hausarki da kyau tukuna, domin wanda bai san ƙa'idar harshensa ba, na wani ba ya zauna masa. Sa'an nan ki tuna a garin wa kike. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma ji harshen Buzaye. Yawan harsunan nan bai rage mata kunya ko daraja ba, da su ne ma ta kai ilmi ga matan ƙauye ta hannun jajis da 'yan taru. Wadda ta gaji wannan ba ta da dalilin tsoron harshe na huɗu ko na biyar.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. A zamanin nan na takarda, sai ƙafar ta tafi da ido mai karatu. Masu ra'ayi dabam, musamman 'yan'uwanmu da ke aure a ƙetaren iyaka, fili naku ne, ku aiko mu ji.